Fitilar ribas ba ta nuna mini ƙofar gida da dare

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato farar fitilar nan ta bayan mota da ke kamawa idan direba ya sa giyar baya, wadda wasu ke kira fitilar ribas, masu gareji a nan wajenmu kuma su ce ta marsh-ariyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Yelwa a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ina da wata ƙaramar mota 'yar Beljiyam da na saya shekara shida da suka wuce. Lungunmu matsattse ne, babu fitilar titi, ga lambatu a bakin ƙofa, kuma sai da baya nake iya shigar da motar cikin gida. Idan na dawo daga kasuwa bayan sallar isha'i, fitilar baya ba ta nuna mini komai sai ɗan ja-ja a jikin bango. Ta dama ce kaɗai ke kamawa, ta hagu kuwa tun da na sayi motar ban taɓa ganin ta kama ba. A daminar bara taya ta faɗa lambatu, sai da matasan unguwa suka taru suka ɗago ta. Makon jiya kuma jikana ne ya tsuguna a bayan motar yana wasa, ba don uwarsa ta ƙwalla ihu ba da yanzu wani zancen ake yi. Wani yaro a gareji ya ce in bari ya ɗaura mini manyan fitilu biyu irin na 'yan tirela, ya ja musu makunni zuwa kusa da sitiyari. Shin in yarda? Daga wani dattijo mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa, ya raya mana wannan yaro. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka yarda da aikin nan yadda aka tsara maka shi, kuma kada ka sayi komai tukuna sai an binciki fitilar da motar ta zo da ita, domin a mafi yawan motocin da ake kawo mini da irin wannan kuka, hasken da masana'anta ta sa yana nan, abubuwa ne ƙanana suka taru suka cinye shi.

Ya kamata mu fara sanin iyakar wannan fitila. Aikinta biyu ne: ta sanar da wanda ke bayanka cewa mota za ta yo baya, sannan ta haska maka 'yan mitoci kaɗan na ƙasa. Ƙwan da aka fi sa mata a tsofaffin motoci shi ne wanda aka rubuta wa P21W, mai wat 21, wanda ke ba da haske kimanin lumen 460 idan wuta ta ishe shi (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Wasu motocin kuma suna amfani da W16W, mai gindin gilashi da ake cusawa, wanda haskensa bai wuce lumen 310 ba. Ƙwan fitilar gaba irin H4 yana ba da lumen 1,000 a ƙaramar wuta, kuma yana da babban madubi da ke tattara masa hasken. Saboda haka ko da lafiyarta ƙalau, fitilar ribas ba za ta mayar maka da lungu rana ba, amma tana isa ta nuna bakin lambatu da ginshiƙin ƙofa sarai. Tun da ka ce ja-ja kake gani a bango, lalle akwai abin da ya same ta.

Game da ta hagu da ba ta kamawa, ka je da rana ka dubi murfinta da kyau. Idan wurin da ya yi daidai da farar fitilar dama ja ne a hagu, to ba lalacewa ta yi ba. Motoci da yawa da aka ƙera domin kasuwar Turai suna zuwa da fitilar ribas guda ɗaya tak, a ɗaya gefen kuma sai a sa jar fitilar hazo, wadda ake kunnawa da makunninta daban idan hazo ya rufe hanya. Na sha ganin mutum ya biya kuɗi an canza ƙwai sau biyu sau uku a wannan gurbi ana neman farin haske inda ba a tanade shi ba. Idan kuwa murfin fari ne a ɓangarorin biyu, to ɗaya ta mutu, kuma gyaranta kaɗai zai ninka maka hasken da kake samu.

Abu na gaba shi ne a ciro ƙwan a karanta rubutun da ke gindinsa, kuma a nan nake so ka tsaya da kanka ka gani da idonka. Akwai ƙananan ƙwayaye masu suna R5W da R10W da gindinsu iri ɗaya ne da na P21W, suna shiga gurbin daram, amma na farkon lumen 50 kawai yake bayarwa, na biyun kuma 125. Idan ƙwan asali ya ƙone, mai gyara da ke gaggawa yakan laluba cikin gwangwaninsa ya ɗauko duk wanda ya shiga, ya ga ya kama, ya ce aiki ya yi. Akwai kuma wata matsala da ta fi yawa a garuruwanmu da ke kan hanyar manyan motoci. Tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su bi ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri da Njamena, yawancinsu wutar bolt 24 suke amfani da ita, don haka shagunan kayan gyara cike suke da ƙwayayensu, kuma a ido ba su da bambanci da na ƙaramar mota mai bolt 12. Kwanakin baya wani ya kawo mini motarsa yana cewa batir ne ya yi sanyi. Da na murɗo ƙwan na goge ƙurar da babban yatsa, sai ga 24V 21W a rubuce a jikin ƙarfen. Irin wannan ƙwai idan ya samu rabin wutar da aka yi shi dominta, zarensa ja yake yi kamar garwashin da ya fara mutuwa, kuma bayanin da ka yi na ja-ja a bango ya sa nake zargin abin da ke cikin motarka ke nan. Ko da ƙwan daidai ne, idan gilashinsa ya yi baƙi daga ciki, ya tsufa, a canza shi.

Sai ƙura. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a Garwa ya san babu inda ba ta shiga. Idan robar da ke tsakanin fitila da jikin mota ta bushe saboda zafin rana, ƙura takan kwanta a cikin murfin da kan madubin da ke bayan ƙwan, damina ta zo ta mayar da ita taɓo. A kwance fitilar gaba ɗaya, a ɗauraye cikinta da ruwa mai ɗan sabulu, a girgiza, a zubar, a bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin a mayar. Kada a cusa tsumma a goge madubin, domin fatar ƙyallin da ke jikinsa siririya ce ƙwarai, gogewa ɗaya ke ɗauke ta. Kada kuma a kusanto da fetur ko tina, suna cinye roba su bar ta da dishi-dishi har abada.

Idan an gama waɗannan, a auna wutar da ke isa ƙwan. A ja birkin hannu, a sa dutse a taya, a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama ba tare da an tayar da inji ba, sannan a sa giyar baya. Mai gyaran wuta ya auna da mita a kan batir, ya sake aunawa a gurbin ƙwan alhali ƙwan yana ci. Idan bambancin ya kai bolt ɗaya, akwai inda wuta ke maƙalewa, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin ƙwai mai zare idan wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Wuraren da na fi samun laifin su ne tsatsa a cikin gurbin ƙwai, da wayar mas, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota domin wuta ta koma batir, da kuma makunnin da ke jikin giyabos wanda giyar baya ke dannawa. Tsatsa ana kankare ta da samfefa mai laushi, mas a kwance shi a goge ƙarfen har ya yi ƙyalli a ɗaure tamau, makunnin giyabos kuwa idan ya gaji sai canji. Ban cika ganin motar da aka bi wa waɗannan matakai mai ita bai yi mamakin hasken da ya dawo ba.

To, idan an yi duk wannan kuma ka ga lungun naku ya fi ƙarfinta, ƙarin fitila ba laifi ba ne, yadda za a haɗa ta ne abin dubawa. Abin da na ƙi a shawarar yaron nan shi ne makunnin da zai ja zuwa kusa da sitiyari. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ta tanadi cewa fitilar ribas ta kama ne kawai lokacin da giyar baya ke ciki, kuma hikimar a fili take. A kan hanya da dare, ja yana nufin bayan mota, fari kuma yana nufin gabanta. Ranar da ka manta makunnin nan a kunne ka hau hanyar Gidar, ɗan acaɓan da ke binka zai ga fararen fitilu biyu suna dallare masa ido, ya ɗauka mota ce ke tahowa a hannunsa, ya kauce zuwa inda bai shirya ba. Mantuwa kuwa dole ce, domin kai da ke gaba ba ka ganin abin da ke ci a bayanka. Ban da haka, abu ne da zai iya jawo maka magana da jandarmomi a shinge ko a wurin bizit teknik, wato binciken lafiyar mota.

Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da rile, ɗan akwatin nan mai ƙafa huɗu da ke barin ƙaramar wuta ta kunna babba. Ƙafa mai lamba 86 a haɗa ta da wayar fitilar ribas ta asali, 85 ta tafi mas, 30 ta ɗauko wuta daga batir ta cikin fis, wato ɗan abin nan da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, da aka sa kusa da batirin, 87 kuma ta kai wa sababbin fitilun. Da haka sai giyar baya ta zama ita ce makunni: ka sa ta su kama, ka cire ta su mutu, kuma nauyinsu bai hau kan siririyar wayar asali ba. Fitilun LED biyu masu wat 18 kowace sun wadatar. Jimillarsu wat 36 ke nan, kimanin amfiya 3 (ma'aunin wutar da ake ja) a wutar bolt 12, don haka fis mai amfiya 5 da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 sun isa. Kada ka yarda a tsallake fis ko a maye gurbinsa da zaren waya, domin wayar da ta taso daga batir ta ratsa ƙarƙashin mota har baya, ranar da ƙarfe ya feɗe ta babu abin da zai hana gobara sai shi. Mahaɗar wayoyi a yi musu dalma a rufe da kyau, ba a murɗa da hannu a naɗe da leda ba.

Wajen saye ka nemi mai baza haske, ka bar mai harba shi nesa kamar tocila, domin abin da kake nema yana tsakanin taya da mita biyar ne. A ɗaura su a ƙarƙashin bamba ko a jikinta, a sunkuyar da su su kalli ƙasa. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota ta sa tsayin fitilar ribas tsakanin santimita 25 da 120 daga ƙasa, kuma a hanyoyinmu masu ramuka gara a ɗan ɗaga su sama da mafi ƙarancin, kada tudun farko ya fasa su. Bayan an ɗaura, ka je da dare ka tsuguna mita goma a bayan motar wani ya sa giyar baya. Idan hasken ya soke maka ido, a ƙara sunkuyar da su.

Maganar jikanka kuwa, Alhaji, ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye maka ba, babu fitilar da za ta magance ta. Yaron da ya tsuguna dab da bamba yana ƙasa da layin gilashin baya, madubai ukun motar babu wanda ke kaiwa wurin, ko da tsakar rana ne. Kafin ka yo baya ka sauka ka zagaya motar da ƙafarka, ka sa babba ɗaya ya riƙe yaran a inda kake ganinsu, ka sauke gilashi ka kashe rediyo domin kunne ya taya ido aiki. Ina kuma ba ka shawarar ka kafa fitilar sola a saman ƙofar gida, ka shafa farin fenti a bakin lambatun da ginshiƙan ƙofa biyu. Hasken da ke sauka daga sama yana nuna duk filin tun kafin ka juya motar, farin fenti kuma yana mayar da ɗan hasken da ya same shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Marwa, motata ƙirar Jamus ce. Ƙanena ya sayo mini ƙwayayen LED biyu a kasuwa domin fitilar ribas, an rubuta dubban lumen a kwalinsu. Ɗaya ya ƙi kamawa sam, ɗayan kuma yana kashe ido idan an kalle shi amma ƙasa tana nan da duhunta, ga wata alamar ƙwai da ta fito a gaban direba ta ƙi ɓacewa. Jabu aka sayar mana?

AMSA: Barka kadai Malama. Mai yiwuwa ne, amma kada ki zubar da su tukuna. LED ba kamar ƙwai mai zare ba ne, da yawansu ta fuska ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsu. Idan irin waɗanda ake cusawa ne, a zare wanda ya ƙi kamawa a juya shi a mayar, sau da yawa shi ke nan.

Alamar da ta fito kuwa dalilinta shi ne motarki tana da kwamfuta da ke auna wutar da kowane ƙwai ke ja. Ƙwai mai wat 16 yana jan fiye da amfiya ɗaya, LED kuma kaɗan yake ja daga cikin wannan, sai kwamfutar ta ɗauka ƙwan ya ƙone. Maganinsa shi ne a nemi waɗanda aka rubuta wa CANbus, wato na motoci masu irin wannan kwamfuta, ko a ƙara wani ɗan ƙarfe mai shan wuta a layin. Idan na biyun aka zaɓa, a ɗaure shi a jikin ƙarfen mota nesa da roba da kafet, domin yana yin zafin da zai ƙona hannu.

Batun ƙyalli ba tare da haske a ƙasa ba shi ne ainihin abin da ke raba mai kyau da maras kyau. Madubin cikin fitilarki an ƙera shi ne domin zare guda da ke tsakiya yana watsa haske ko'ina, shi kuma ya tattara ya tura waje. LED ɗin da duk idanunsa ke kallon baya kai tsaye ba ya ba madubin komai, sai ya zama ɗigon haske mai soke ido. Ki nemi wanda ke da idanu a kewayen jikinsa da kuma a goshinsa, tsayinsa daidai da na ƙwan asali, jikinsa na alminiyam domin ya sha zafi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a Marwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, domin zafi ne ke rage hasken LED ya kuma gajarta kwanansa. Lambar da ke kwali kada ta ruɗe ki, ƙwai mai girman ɗan yatsa ba shi da inda zai zubar da zafin dubban lumen. Ki zaɓi fari sak, ki guji mai shuɗi-shuɗi, wanda a cikin ƙurar hunturu ya fi gajiyar da ido. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a bar tsohon ƙwai a gefe ɗaya, a sa sabon a ɗaya gefen, a juya wa bango baya da dare daga mita uku, a dubi bangon da ƙasa maimakon a dubi fitilar.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne a Njamena, motar maigidana gilasanta masu duhu ne. Na canza ƙwayaye amma har yanzu ba na gani da dare. Kyamarar baya za ta yi amfani?

AMSA: Za ta yi, ɗan'uwa, domin matsalarka a gilashi take. Ledar duhun da ake mannawa tana tare yawancin hasken da ke dawowa idonka, don haka ko ka ninka fitila kaɗan ne zai ratso. Kyamara tana waje, kuma tana ganin wurin nan na dab da bamba da madubi ba ya kaiwa, shi ya sa Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci tun watan Mayun 2018. Ana ɗaukar mata wuta daga wayar fitilar ribas, sai ta kama tare da giyar baya. A kafa ta a tsakiya saman lambar mota, a karkatar da ita har gefen bamba ya fito a ƙasan hoton, domin da shi za ka riƙa auna tazara. Idan ka ƙara fitilu, kada haskensu ya bugi idonta kai tsaye, hoton zai yi fari fat. Ita ma tana bukatar fitilar ribas mai lafiya kafin ta nuna abin kirki a duhu, kuma a ƙurar Njamena sai ka riƙa goge idonta da tsumma mai laushi kowace safiya lokacin da kake wanke motar. Kafin maigidan ya amince da sayen, ka riƙa sauke gilasan gaba biyu duk lokacin da za ka yo baya da dare, domin madubin gefe ya samu hasken kai tsaye.